Takardar da Kawu Ya Sa wa Hannu

Winnipeg, Kanada
12 ga Satumba, 1955

Zuwa ga ɗana Rayford,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci. Ni dai ina nan da sauran numfashi. Bayan nan nawa ne ya matsa mini, amma shekara ashirin da uku ina sunkuye ina gyara wa fasinjoji gado a jirgin ƙasa, ai dole ya yi ƙorafi. Sanyi kuma har ya fara leƙowa tun Satumba bai yi rabi ba. Garin nan ba shi da kunya.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabona da kai tun kana yawo ba wando a tsakar gidan kakarka. Uwarka Ozella, ƙanwata, ita ta aiko mini da guntun jarida mai hotonka: Rayford Pettway, mai jifa a ƙwallon Amurka ta hannu, na Kwalejin Tensaw. Kai, har da hular kwano! Na sa shi a aljihun rigar aiki, duk fasinjan da ya sakar mini fuska sai na nuna masa.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya na ɗauko wani Bature a jirgi, Mista Dunleavy. Aikinsa nemo wa wata ƙungiyar ƙwallo ta yammacin ƙasar nan 'yan wasa. Na kawo masa takalmansa da na goge, sai na nuna masa hoton. Ashe ya san sunanka. Ya ce an ba shi labarin yaron da ke jefa ƙwallo yadi sittin ta sauka a hannun mutum kamar an miƙa masa. Filinsu ya fi namu faɗi, masu jifa suke nema ido rufe.

Na tambaye shi ba kwana-kwana: baƙar fata fa, za ku bar shi ya tsaya a baya yana ba Turawa umarni? Ya ce, "In dai yana ci mana wasa, ko kore ne." Dala dubu bakwai a kakar wasa ɗaya, daga Yulin baɗi.

Ka san a gida ba za ka taɓa ganin irin wannan ba. Manyan ƙungiyoyin Amurka in ma sun ɗauke ka, cewa za su yi ka yi ta gudu, wai tunani aikin Bature ne. Kwalejin taka kuwa ta cika fili da jama'a saboda kai, ta sallame ka da wake da gurasar masara. Ka yi tunani, ka ba ni amsa da wuri.

Kawunka,
Cleophus Tolliver

*

Kwalejin Tensaw, Alabama
21 ga Satumba, 1955

Kawu Cleophus,

Na gaishe ka da ladabi, Allah ya ƙara sauƙin bayan. Ina lafiya, sai ɗan yatsa da ya gurɗe ranar Asabar, an ɗaure shi. Mama ma lafiya, ta ce in ce maka har yanzu wanki da guga ne, babu abin da ya sake.

Kawu, na karanta wasiƙarka sau huɗu. Na biyun a tsaye, na ukun a banɗaki don kada abokan ɗakina su ga bakina ya ƙi rufuwa. Ba kuɗin ne ya fi ratsa ni ba, maganar nan ce ta "ko kore ne." Tun ina shekara goma sha biyar nake jin mutane suna cewa, hannun yaron nan kamar bindiga, saura dai fatar. Inda za a bar ni in yi jifa, ai ko da ƙafa zan tafi.

Sai dai akwai abin dubawa. Ina aji uku, saura mini wannan shekarar da ta baɗi. Ƙwallon nan ita ke biya mini karatu da ɗaki da abinci, ranar da na daina buga wa kwaleji ranar zan naɗe tabarmata. Ka kuma san Mama. Ta riga ta buga ƙusa a bango inda za ta rataya digirina, babu mai rataya ko hula a kanta. In na ce mata zan bar karatu saura shekara ɗaya, da dutsen guga za ta bi ni.

Ga kuma Koci Hairston. Dattijo ne a ikilisiya, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, abin da ke sa zama da shi wuya ke nan. Shi ya ɗauko ni daga gonar auduga. Bana mun ci wasanni biyu na farko, yana ganin kofin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana nema ya kusa zuwa hannu.

Zan bincika yadda dokar abin take a hankali, ba tare da na tayar da ƙura ba. Kafin nan ka riƙe mini mutumin nan, Kawu, kada ya kuɓuce.

Ɗanka,
Rayford

*

Kwalejin Tensaw
26 ga Satumba, 1955

Kawu,

Gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ina sauri, mai ɗaukar wasiƙu na bakin ƙofa.

Na samo littafin dokokin gasar kwalejoji na karanta da idona. Abin ya fi yadda na zata tsauri. Ɗan wasan makaranta, ranar da sunansa ya hau takardar wata ƙungiya mai biyan albashi, ranar ya tashi daga ɗan makaranta. Ko kwabo bai karɓa ba, ko wasan sai baɗi, babu ruwansu. Za a cire shi, a yanke masa tallafin karatu, a kuma ƙwace wa kwalejinsa duk wasan da ya buga bayan ranar.

Don Allah kada ka karɓi komai daga Mista Dunleavy da sunana. Ba takarda, ba tikiti, ko safa ce. Kada kuma maganar ta fita. Ka ce masa ya jira ni in gama karatu, in yana so na a lokacin zan zo.

Rayford

*

Winnipeg
2 ga Oktoba, 1955

Ɗana Rayford,

Albishirinka! Amma bari in fara da gaisuwa, kada a ce ba a yi mini tarbiyya ba. Ina lafiya, bayan ma ya yi sauƙi, farin ciki magani ne. Wasiƙarka ta 21 ga Satumba ta same ni ana gobe zan hau jirgin yamma. Yanzu na sauka bayan kwana shida a hanya, ko gida ban ƙarasa ba, a tasha nake rubuta maka.

Ka ce in riƙe maka mutumin, to na riƙe shi gam. Na sake ɗauko shi ranar Alhamis, 29 ga Satumba. Ya ce doka ta ƙayyade musu yawan 'yan Amurka da za su ɗauka, gurbi ɗaya ya rage, akwai kuma wani yaro daga Texas da ke jira. Ya ba ni takardar, da kwanan watan ranar a kanta, ya ce in aika maka ka sa hannu, ta dawo cikin kwana biyar. Kwana biyar! Wasiƙa daga nan zuwa Alabama ta dawo ai sai mako biyu da ɗori. Na ce a raina, Cleophus, za ka tsaya kana kallo ɗan Texas ya ci abincin ɗanka?

Na ajiye ta kwana biyu a jakata don kada ya gane, sannan na rubuta sunanka da kyau na kai masa a tashar ƙarshe, na ce ka aiko ta jirgin sama. Kada ka damu, ba baƙon abu ba ne. A gidanmu duk wanda ya iya rubutu shi ke sa wa kowa hannu. Ni na sa wa kakarka a takardar gona, ni na sa wa uwarka ranar aurenta da marigayi ubanka. Kuma wasan sai Yuli, ka ga kana da lokacin lallashin Ozella.

Abu na biyu. Ba a ɗauke wa mutum yaron da ya rena ba sallama, wannan rashin kunya ne. Don haka na rubuta wa Koci Hairston wasiƙar godiya mai shafi biyu, na gaya masa wahalarsa ta yi amfani, yaronsa ya samu wuri. Za ka ga yadda zai yi murna.

Ka fara neman rigar sanyi mai kauri.

Kawunka mai alfahari da kai,
Cleophus

*

Kwalejin Tensaw
11 ga Oktoba, 1955

Kawu Cleophus,

Zan gaishe ka don Mama ta koya mini gaisuwa. Lafiyata kuwa ba ka bar mini wadda zan ba ka labari ba.

Wasiƙarka ta godiya ta riga wadda ka aiko mini isowa. Jiya Litinin muna tsakiyar atisaye Koci ya busa usur, ya kira ni gefe, ya miƙo mini shafi biyun nan da rubutunka mai lanƙwasa. Ya ce, "Pettway, wannan mene ne?" Ban san me ke ciki ba, Kawu! A gabansa na karanta cewa na zama ɗan wasan albashi tun kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Na rantse masa ban taɓa ganin takardar ba. Ya ce ya yarda da ni, amma ya riga ya karanta, ba zai iya yi kamar bai karanta ba. Mataimakinsa ya ce, "Koci, ka jefa ta a murhu mana, wa ya sani?" Ya ce, "Ni na sani." Da yamma da kansa ya buga wa kwamitin gasa waya.

Ga abin da alherinka ya haifar. An dakatar da ni. An karɓi hulata da rigata. Wasanni biyun da muka ci ranar 1 da 8 ga wata an ƙwace an ba waɗanda muka lallasa. A wasan ranar 8 Verdell Crenshaw ya karya ƙashin wuya yana tare mini mutum don in samu in yi jifa. Yana kwance a asibiti, yau aka je aka gaya masa wasan nan ba mu ci ba. Na je duba shi ya juya fuska bango. A ɗakin cin abinci na zauna, mutum shida suka ɗauki farantansu suka sake tebur. Tallafin karatuna zai tsaya ƙarshen zango.

Wa ya aike ka? Don Allah wa ya aike ka? Na ce ka riƙe mini mutum, ban ce ka zama ni ba. Na rubuta maka ranar 26 ƙarara kada ka karɓi ko safa. Ina ka kai wasiƙar? Kuma ko da ba ka gani ba, wane irin mutum ne ke rubuta sunan wani a takarda, sannan ya zauna ya rubuta wa hukuma shafi biyu yana ba da labari? Ɓarawo ma ya fi ka dabara.

Kakata ba ta iya rubutu ba, shi ya sa ka sa mata hannu. Ni na iya. Shekara goma sha biyar Mama ta yi tana wanke kamfan Turawa don in iya rubuta sunana da kaina, kai kuma ka ɗauke mini shi a cikin jirgin ƙasa.

Ban gaya mata ba tukuna. Ban san ta inda zan fara ba.

Rayford

*

Winnipeg
20 ga Oktoba, 1955

Rayford,

Na samu wasiƙarka. Ina lafiya, tunda ba ka tambaya ba.

Wasiƙarka ta 26 tana ƙarƙashin ƙofata lokacin da na dawo, ni kuwa na riga na jefa nawa biyun a akwatin tasha. Na karanta ta a tsaye da jaka a hannu. Wannan na amsa. Amma ɓarawo? Ni ka ce ɓarawo ya fi? Yaro, ka iya bakinka. Ni na ɗauki gawar ubanka a kafaɗa.

Taka wasiƙar ta farko tana gabana. "Ko da ƙafa zan tafi." Wa ya rubuta? "Kada ya kuɓuce." Wa ya rubuta? Ni ba ɗan kwaleji ba ne, aji biyar na yi, amma in mutum ya ce mini zai tafi da ƙafa na san yana so ne.

Kuma bari in gaya maka abin da babu mai gaya maka a can. Wannan doka taku ta munafukai ce. Mutum dubu takwas ke biyan kuɗin ƙofa su gan ka. Koci na ɗaukar albashi, mai busa usur na ɗauka, har mai sayar da gyaɗa a bakin fili yana komawa gida da wani abu. Kai kaɗai, mai ba da ƙashinsa, aka ce in ka taɓa kwabo ka ƙazantu. Wannan Verdell da kake mini kuka da shi, in wuyan bai warke ba, baɗi wa zai biya masa karatu? Je ka tambayi Kocinka mai gaskiya. Ranar da gwiwarka ta tashi aiki za su yi maka addu'a su sa ka a mota.

An kore ka? To an kore ka zuwa ina? Zuwa dala dubu bakwai. Takardar tana nan daram. Ka gama zangon ka taho, ina da ɗaki, zan sama maka aiki a tasha kafin Yuli. Digiri ba ya gudu. Ka buga shekara uku ka koma ka saye shi da kuɗinka, ba da ƙashinka ba.

Ban yi daidai ba a hanyar, amma ban yi kuskure a wurin da na nufa da kai ba.

Cleophus

*

Kwalejin Tensaw
29 ga Oktoba, 1955

Kawu,

Gaisuwa. Mama ta ji. Ba ta yi ihu ba, ta zauna a bakin gado ta ce in ba ta ruwa. Da ta yi ihun da ya fi mini sauƙi.

Maganarka kan doka gaskiya ce, na daɗe da sani, ni ke cin waken. Amma ni ya kamata in zaɓi ranar da zan bar su, kuma da ba zan bar su a tsakiyar kakar wasa da mutum kwance a asibiti ba. Digiri ba ya gudu, ka ce. Ka nuna mini mutum ɗaya daga garinmu da ya bari ya koma. Kai ma ai shekara biyu ka ce wa kakata za ka yi a Kanada.

Jiya na tsaya gaban kwamiti, dattawa biyar. Koci ya yi mini magana har muryarsa ta dushe. Sun ba da hanya ɗaya. In aka tabbatar ba ni na sa hannu ba, takardar ta zama wofi: a mayar da ni, a mayar mana da wasanninmu biyu, tallafina ya ci gaba. Hujjar da suke so ita ce rantsuwa a rubuce gaban lauya, cewa kai ka rubuta sunana ba da sanina ba. Za su aika kwafi ga Mista Dunleavy don a soke takardar. Ko kai ka rantse, ko ni. Sun ba ni zuwa 18 ga Nuwamba, washegari ne wasan ƙarshe.

Na fi so ta fito daga gare ka. Ba na son in tsaya gaban baƙo in ɗaga hannu a kan ɗan'uwan uwata. Kai ka ɗaura, Kawu, ka kwance. Gaskiya ce kawai za ka rubuta, ba shafi biyu ba ma, layi huɗu ya isa.

Ina jiranka.

Rayford

*

Tensaw, Alabama
8 ga Nuwamba, 1955

Yaya Cleophus,

Ni ce Ozella. Matar fasto ke rubuta mini, na ce mata duk abin da na faɗa ta sa, kada ta gyara. Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau, kada ka ji daɗi.

Yaron nan kullum sai ya je gidan waya ya dawo hannu rabbana. Da za ka lalata masa rayuwa kwana biyu ya ishe ka, gyarawa ce ta gagare ka? Hannun naka ya shanye ne?

Na aika maka hoto don ka gani ka yi murna, ban aika maka don ka yi talla da shi a jirgi ba. Ka tafi ka bar ni da tsohuwa tana ciwo, ni na yi jinya, ni na rufe mata ido, kai ka aiko da furanni. Ban ce komai ba. Ɗa ɗaya gare ni, Yaya. Fatar hannuwana ta ƙare a ruwan sabulu saboda takarda guda ɗaya mai sunansa. Ba dala dubu bakwai na roƙi Allah ba.

Ka rubuta musu. In ba ka rubuta ba, ka ɗauka ba ka da ƙanwa.

Ozella

*

Winnipeg
9 ga Nuwamba, 1955

Rayford,

Ina gaishe ka. Ba na lafiya, kuma ba bayan ba ne. Wasiƙarka ta kwana huɗu a kan tebur. Ba tafiya na yi ba wannan karon, ina nan, kasa amsawa na yi.

Akwai abin da ba ka sani ba game da aikina. Fasinja ɗaya ya rubuta wa kamfani cewa ma'aikacin gado ya yi masa kallon banza, an gama da mutum. Ba shari'a, ba tambaya. To ka duba abin da kake so in rantse a kai: na yi ciniki da fasinja a bakin aiki, na yi masa ƙarya, na ba shi takardar jabu, ya saki ɗan Texas saboda ita. Ranar da kwafin nan ya isa hannun Dunleavy, shugabanninsa za su ci masa mutunci, shi kuma ya huce a kaina. Saura mini shekara biyu in cika ashirin da biyar in samu fansho. Shekarata hamsin da takwas. In aka kore ni babu ko sisi, kuma babu mai ɗaukar tsohon baƙar fata mai ciwon baya a garin nan.

Kai shekararka ashirin da ɗaya, da hannu irin naka, da wuri yana jiranka. Abin da za ka rasa kofi ne da takarda. Ni abin da zan rasa shi ne duk abin da nake da shi.

Ba zan rubuta ba. Kuma ina roƙonka, ni da ban taɓa roƙon kowa ba, kada ka rubuta. Ka taho kawai.

Kawunka

*

Kwalejin Tensaw
20 ga Nuwamba, 1955

Kawu Cleophus,

Ina gaishe ka. Gara ka ji daga gare ni.

Wasiƙarka ta iso ranar 16. Na karanta, na gane, ba zan ce ban san abin da zai biyo baya ba. Kwana biyu ina jujjuya ta. Na haɗa jaka ma, Allah ya sani, na kai ta har bakin ƙofa. Sai na tsaya ina tunanin abin da zan ce wa mutum talatin da suka ci wasa da jikinsu aka ƙwace, da abin da zan ce wa Mama. Kuma a Kanada ɗin, duk ranar da na shiga fili, a kan sa hannun da ba nawa ba zan shiga.

Ranar Juma'a na je gaban lauya na ɗaga hannu. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Na roƙe su kada su aika kwafin, suka ce ba a soke takarda ba tare da an sanar da mai ita ba.

Jiya mun buga, mun ci ashirin da ɗaya da bakwai. Kofin na ofishin Koci. Aka ɗaga ni sama ana ihu, ni kuwa ina roƙon su sauke ni.

Har yanzu ina fushi da kai. Ka sa ni zaɓen da bai kamata a sa ɗa ya yi ba, sannan ka ce ni zan rasa kaɗan. Amma kai kawuna ne. Ka rubuto ka gaya mini abin da ya faru, ko zagi ne.

Rayford

*

Winnipeg
14 ga Disamba, 1955

Rayford,

Gaisuwa. Ka ce ko zagi ne, to na fara wasiƙu uku na zagi na yaga, ba don sun yi zafi ba, don ba su kai ba.

Ranar 5 ga wata aka kira ni ofis. Wani yaro Bature da bai kai shekarun aikina a duniya ba ya karanta mini wasiƙar Dunleavy, ya ce in ajiye hula da makullai a tebur. Minti huɗu. Na duba agogon bango, shi ya sa na sani. Yanzu ina kwashe ƙanƙara a ƙofar wata ikilisiya da shebur, suna ba ni miya.

Ina fushi da kai, yaro, fushin da ban san ina da ƙarfinsa ba. Na roƙe ka. Da na kama ka makon nan da na karya hannun nan mai daraja. Amma da na zauna ina neman ƙaryar da ka yi mini a takardar, ban samu ko ɗaya ba, wannan ya fi komai ba ni haushi.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ban faɗa ba. Ba don dala dubu bakwai na yi gaggawa ba, ba kuma don ɗan Texas ba. A jirgi duk ma'aikacin gado George ake kiransa, fasinja ba ya wahalar da kansa da sunanka. Shekara ashirin da uku ina amsa sunan wani. In na sauka in shiga ɗaki in rufe, babu mai kirana da komai. Da na ga hanya ta buɗe, sai na ga jinina yana sauka a tashar nan yana cewa Kawu. Na ji tsoron in na jira za ka yi tunani ka ƙi zuwa, shi ya sa ban jira ba. Don kaina na yi, na ce don kai ne.

Kada ka aiko mini da komai, zan mayar. Ka ce wa Ozella na ji saƙonta, tana da yaya ko tana so ko ba ta so.

Kai kuma saurara. Digirin nan ba na uwarka ba ne ita kaɗai yanzu, shekaruna ashirin da uku suna cikinsa. Ban ba ka da son raina ba, amma ka karɓa. Don haka babu fashin aji, babu 'yan mata, babu ciwon kai ranar jarrabawa. Ka faɗi darasi ɗaya ka gani. Ba ni da aikin da zai riƙe ni yanzu, zan zo har Alabama in same ka.

Kawunka,
Cleophus Tolliver